Ranar da Injin Ramalan Ya Ƙi Buga Hoton Zayyadu

Ana kiran sallar azahar Dije mai tuwo ta shigo shagon Ramalan, da ƙunshin kaya a ka da salula a hannu. Ko zama ba ta yi ba. Hoton ɗanta Zayyadu take so a buga mata guda ashirin, da sunansa da lambarta a ƙasa, kuma yanzu-yanzu, don kamyo, babbar motar da ke zuwa Cibarakaten, zai tashi da la'asar, da ita a ciki.

Kwana goma sha tara ke nan wayar Zayyadu ba ta shiga. Tun da ya bar Arlit ya tafi haƙar zinariya a Cibarakaten, Juma'a ba ta wucewa bai kira uwarsa ba, ko da ba shi da abin faɗa sai tambayar miyar da ta kaɗa. A can kuwa ba a neman mutum da suna, kowa da laƙabin da aka lanƙaya masa a bakin rami. Hoto ake bi da shi rami-rami ana nunawa. Direbobi sukan karɓa su kai, amma Dije ta ce ba ta ba kowa wannan aike, da ƙafarta za ta.

Ramalan mutumin Damagaram ne. Shekara goma sha shida ya yi yana buga takardu a ofishin kamfanin haƙar ma'adini, da aka rufe ma'adinin aka sallame shi, ya buɗe wannan ɗan shago da tsohuwar kwamfuta da injin bugawa. Ya jona wayar Dije da igiya, ya kwaso hoton: saurayi mai wushirya, da rawani a wuya, yana dariya. Ya rubuta sunan yadda ta faɗa masa, ya danna a buga.

Shiru. Sai wani ɗan saƙo ya fito da Faransanci, wai mai jera takardu ya tsaya.

Injin nan bai taɓa zaɓen ranar kirki ya yi taurin kai ba. Ramalan ya kashe ya kunna, ya zare igiya ya hure ta ya mayar, ya ɗan bubbuga gefensa, abin da duk mai gyara yake yi kuma yake musun yana yi. Laifin dai ba na injin ba ne. A cikin kwamfuta akwai wani abu da masu gyara ke kira sifula, aikinsa ya sa takardu a layi ya riƙa miƙa wa inji ɗaya bayan ɗaya. Shi ne ya faɗi. Ramalan ya tashe shi, ya yi daƙiƙa biyar a tsaye ya sake faɗuwa.

"Mi ya hwaru, ɗan nan?" Dije ta tambaya.

"Ba komai, Inna. Wata takarda ce ta toshe layi. Yanzu zan kawar da ita."

Ya san ciwon, ya san maganinsa: a tsayar da sifular, a share abin da ya maƙale, a sake tashe shi. Aikin minti biyu ne. Da ya buɗe layin sai ya ga abin da ke gaban hoton Zayyadu. Wani direba Ba'abzine mai suna Akoli ne ya kawo shi da safe, isowarsa ke nan daga Cibarakaten, ya ce a buga masa zai dawo da yamma. Ramalan ya tura shi bai duba ba, don tun yana ofis ya hore wa idonsa rashin karanta abin mutane, sannan aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, aikin na tsaka da tafiya, ya lalace a layi. Kafin ya share sai ya buɗe na asalin, ya tabbatar yana nan.

Katunan shaida ne guda bakwai, an jera su a kan tabarma an ɗauki hotonsu. A gefensu wani ya rubuta a kwali: waɗanda rami ya rufta da su, an binne su ranar Talata. Na huɗu daga dama, sunan da Ramalan ya gama rubutawa ne, harafi da harafi. Fuskar ma ita ce, sai dai a kati ba a dariya.

Ya rufe hoton da sauri. Dije na bayansa tana gyara ɗaurin kayanta, ba ta ga komai ba.

Ya ce mata bari ya kira wani mai gyara, ya fita bayan shago ya kira Alhaji Halidu, dattijon Adarawan Arlit, wanda duk wani ɗaurin aure ko rasuwa ta mutanen Tawa sai ta bi ta hannunsa. Alhaji ya yi salati, sannan ya ce, "Kak ka hwaɗa mata. Ba a ba uwa wagga magana a shago, tana ita ɗai, daga bakin wanda ba nata ba. Bari in nemo direban in ji da kunnena, in ɗauko liman da wata mace. Kai dai riƙe ta, kat ta hau mota."

"Da me zan riƙe ta, Alhaji?"

"Da abin da Allah ya hore maka."

Abin da Allah ya hore masa lalataccen layi ne. Ya koma ya zauna, ya bar takardar Akoli a inda take. Ya tashi sifula, ya faɗi. Ya sake tasarwa, ya sake faɗuwa. Ya buɗe cikin inji ya ciro tawada ya girgiza ya mayar. Ya share ƙurar da babu ita. Tunda yake bai taɓa jin kunyar sana'arsa irin ta wannan rana ba, ga shi gwani, yana wasan wawa a gaban tsohuwa.

Da farko Dije addu'a take yi wa injin. Da inuwa ta fara tsawo sai ta koma kan mai shi.

"Shekara nawa ka yi wurin Nasara ba ka iya komi ba? Ba ni wayata in tahi wani wuri."

"Sauran shagunan sai bayan la'asar suke buɗewa, Inna."

"To in tahi hakanan. In nuna musu a waya."

Ta miƙa hannu za ta zare igiyar. Ramalan ya dafe wayar, ya yi ƙaryar da har yau in ya tuna ta abinci ke fita ransa. Ya ce in aka cire yanzu, aiki bai ƙare ba, hoton zai goge daga wayar gaba ɗaya. Ya san hoton nan shi kaɗai gare ta. Ta janye hannunta kamar ta taɓa tukunya a kan wuta.

Aka kira la'asar. Tashar ba ta da nisa, ana jin ihun masu lodi daga shagon. Can kamyo ya yi ham sau uku, injinsa ya yi gurnani, ƙarar ta yi ta raguwa har ta ɓace. Wani ba zai tashi ba sai bayan kwana huɗu.

Dije ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi masa sauƙi. Ta ce, "Ɗana na can, ban san ko ya ci ko bai ci ba, ka zaunar da ni kana wasa da ƙarhe. In wani abu ya same shi cikin kwana huɗun ga, kai da Allah." Ramalan ya sunkuyar da kai yana kallon allon, ya ce ta yi haƙuri.

Sai aka yi sallama a bakin ƙofa. Alhaji Halidu ne da liman, a bayansu Zulaihat maƙwabciyar Dije, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Suka tuɓe takalma, a shagon da ba wanda ke tuɓe takalmi. A garin da maza ke shiga ƙarƙashin ƙasa neman abinci, babu macen da ba ta san irin wannan tawaga ba.

Dije ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ba ta amsa sallamar ba. Ta juya wajen Ramalan.

"Mashin ɗin lahiya lau yake?"

"Lafiya lau yake, Inna."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun azahar."

Ta gyaɗa kai a hankali. "To buga min guda."

Ya tsayar da sifula, ya share layin, ya tashe shi. Ya danna a buga guda ɗaya, ko minti biyun bai cika ba. Injin ya ja takarda ya turo ta waje da ɗuminta: Zayyadu yana dariya, a ƙasa an rubuta duk wanda ya gan shi ya kira wannan lamba.

Dije ta karɓa da hannu biyu. Ta ƙi kujerar da Zulaihat ta jawo mata, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu, ta ɗora takardar a cinya ta shafe ta da tafin hannu.

"Hwaɗi, Alhaji," ta ce. "Ina ji."