Ƙabilar da Fatihu Ya Gano a Brickfields

Fatihu ya zo Kuala Lumpur yin digiri na uku a fannin nazarin al'adun mutanen birni. Ƙa'idar aikin ita ce ka zauna cikin jama'a, ka yi abin da suke yi, ka lura, kada ka ce uffan. Ya zaɓi wani mamak, gidan abincin Indiyawa Musulmi, a unguwar Brickfields.

A nan ya gano ƙabilarsa. Mutane ne da ke zuwa da safe, kowa teburinsa daban. Kowa ya sa a kawo masa shayi, ya shinshina, ya ture kofin gefe, ya zuba wa sauran ido har la'asar. Fatihu ya cika babi biyar a kansu.

Farfesar da ke duba aikinsa ta ce ba za ta sa hannu ba sai ya yi hira da shugabansu. In babu sa hannu babu digiri, ga bizarsa ta kusa ƙarewa.

Ya yi ta maza ya tunkari wata mai shuɗin mayafi a cikinsu don ta nuna masa shugaban. Kafin ya gama ciro rakodarsa, ita ma ta ciro tata. Ɗaliba ce daga Indonesiya, babinta na uku a kansa ne. Na bakin taga ma ɗalibi ne, daga Japan. Haka duk sauran. Shinshina shayin kuwa wajen Fatihu suka kwaikwaya don su saje da 'yan wurin. Shi madara ce ke ɓata masa ciki.

 Daga nan suka haɗa tebura, suka yanke cewa tunda kowa ya riga ya rubuta, ƙabila ta tabbata, kuma wanda ya fi daɗewa shi ne shugaba. Fatihu ke nan.

Matarsa Kausar ta tarar da shi a falo yana tambaya daga kujera ɗaya, ya koma ɗayar ya amsa.

"Baban Najiba, abincin mutum nawa zan zubo?"

"Biyu. Amma shi ba ya cin yaji."

Farfesa ta karanta hirar, ta yaba, ta ce saura gyara ɗaya: shugaban ya ƙaryata babi na huɗu gaba ɗaya, a koma a lallashe shi.

Fatihu ya koma kujera. Ya yi magiya, ya ambaci biza, ya ambaci 'yarsa. Shugaban ya saurare shi a tsanake, sannan ya ce shi ba zai canza magana don wani baƙo ba.