Inuwar da ta Koma Kudu

Ni Lawali, shekarata goma sha ɗaya ina riƙe da alli, kuma wallahi har yau in na tuna abin da na yi wa Fati sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A watan Janairu ne, a wata ƙaramar lakwal, wato makarantar firamare, da ke bayan garin Filinge. Ina koya wa ƴan aji shida darasin rana. Na kafa sanda a fili, na karanto musu abin da littafi ya ce: da rana tsaka, rana tana kudu, inuwa tana faɗuwa arewa, kullum. Inuwar sandar kuwa ga ta nan ta miƙe arewa. Na ji daɗi, har da gyara wuyan riga.

Sai Fati ta ɗaga hannu. Yarinya ce daga wani ƙauyen Kurfayawa, ga ƙwaƙwalwa, ga tambayar tsiya.

"Mushe, ba kullum ba ne," in ji ta, don Mushe yara ke kiran malami a lakwal. "Kakata Indo ta ce in bazara ta yi nisa, inuwar rumbunmu takan shige ƙarƙashinsa, daga nan ta ɓullo ta kudu. Lokacin ne take fiddo iri tana gyarawa."

Raina ya ɓaci. Ni za a gyara wa darasi da rumbu? Kowa ya san gidansu ana bori, ni kuma bakina ba ya da linzami. Na ce, "To wa ya rubuta littafin, masana ko iskokin kakarki?"

Aji ya fashe da dariya. Ban tsaya nan ba, na sa ta rubuta sau ɗari cewa inuwa tana faɗuwa arewa kullum. Tun daga ranar Fati ba ta sake ɗaga hannu ba. Ni sakarai har murna nake, wai na samu lafiya.

Ƙarshen watan Mayu, ranar wata Laraba da aka tashi daga aji da rana tsaka, zafi kamar a gasa mutum, na hangi awakin unguwa sun yi layi sun manne da bangon ajina. Bangon kudu. Can ne wata ƴar siririyar inuwa take, na arewa kuwa rana ce tarwai. Na ɗauko sanda na kafa, na duba, na sake kafawa. Inuwar gajeriya ce, amma kudu ta nufa.

Na buga wa abokina Abdulrazak waya, shi da ke koyar da labarin ƙasa a kwaleji. Dariya ya yi mini. Ya ce wannan magana ta ƙasashen can arewa ce, su rana ba ta taɓa hawa kansu. Mu nan, saboda duniya a karkace take kewaya rana, sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai kanmu, a ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, kuma tsakanin nan tana arewa da mu. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da samaniyar wasu, ban taɓa duba ƙasan ƙafata ba.

Ranar Lahadi na hau babur na je ƙauyensu. Na tarar da Indo zaune a gindin rumbu tana tsince irin hatsi. Na durƙusa na faɗa mata komai, kaina a ƙasa.

"Ni ba ka yi mini komai ba, Malam," in ji ta. "Ɗiyar ce. Da can ba ta barin kunnena ya huta, mi ya sa kaza, mi ya sa kaza. Yanzu in na buɗe baki sai ta ce in bari, ba haka littafi ya ce ba."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Litinin da rana tsaka na fito da ajin duka, na kafa sandar. Niyyata Fati ta faɗi gaskiyarta da bakinta a gaban waɗanda suka yi mata dariya.

"Fati, ina inuwar nan ta nufa?"

Ta dubi inuwar, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta dubi fuskata.

"Arewa, Mushe."

"Duba da kyau, ɗiyata."

"Arewa, Mushe. Kullum."

Ba wanda ya yi dariya. Na ce musu ni ne na yi kuskure, kakar Fati ce ke da gaskiya, kuma na zalunci Fati, ina roƙon ta yafe mini. Sau biyu na faɗa.

"To, Mushe," in ji ta, kamar dai na ce ta je ta goge allo.