Diskin Baba a Ramin Hagu

…kuma har yanzu da ɗuminsa. Yana tafin hannuna kamar ƙwan da aka zaro daga ƙarƙashin kaza. Baƙin diskin nan, mai karatunka a ciki, Baba. Na fizge igiyar. Ai na fizge. Amma yaushe? Bayan ya ci nawa?

Tsaya, Mika'ilu. Ja numfashi.

Baba, da kana raye da ka ce in yi maka bayani da Hausa, in bar yaren 'yan boko. To ga shi. Kwamfuta ce, a cikinta na gina wata ta ƙarya, a cikin ta ƙaryar na sake gina wata. Kamar kwallayen Inna, ƙarama cikin babba. Duk abin da ya lalace a ta can ƙuryar wasa ne, a goge a sake. Haka nake faɗa wa kowa a gidan nan, da bakina, ina wani ɗaga kafaɗa. Wasa ne.

Aikin da kamfanin can na Kano suka ba ni shi ne in gwada ko ta ƙuryar za ta iya kama abu na gaske. In soka fulash a ramin hagu na jikin kwamfutar, ta waje ta sake shi, ta tsakiya ta miƙa, ta ciki ta cafke. Tana cafkewa, umarnin da na rubuta ya tashi da kansa: bi shi da sifiri, daga farko har ƙarshe, a ga ko hanyar za ta jure. Fulash ɗin banza ne, ba komai cikinsa. Amma ba shi na ɗaura mata ba — ramin na ɗaura mata. Ramin! Duk abin da ya shiga ramin hagu nata ne. Ba ta tambaya. Ina za ta san na wane ne?

Kwana da kwanaki tana ƙi. In soka, shiru. In zare, in sake sokawa, shiru. Yau da aka kira azahar na bar ta a kunne, na ce bari in yi salla in dawo…

Ga muryarsa can a tsakar gida. Yaya Sha'aban. Dariya yake, wallahi dariya yake, yana ba matan da ke sussukar gero labarin kasuwar Tsanyawa. A zaure muka yi karo ina dawowa. Fuskarsa fal murna, ya miƙo mini sabon memori na rediyon Inna, ya ce ya karɓo diskin daga akwatinta don in zuba mata karatunka a ciki.

"Na ga ya daɗe a ajiye, na sa maka shi a caji."

A caji.

Diski ba ya caji, Yaya! Ba waya ba ne, ba tocila ba ce! Amma a gidan nan komai mai igiya caji yake so, kuma ɗakina ne kaɗai mai sola. Kowa ya shigo ya zare na wani ya soka nasa, ba sallama ba tambaya, haka muke tun da aka kafa farantin nan a rufi. Ga fulash ɗina ma ya ajiye mini a kan littafi, a tsanake, kada ya faɗi. Kirki ya yi mini. Ina so in shaƙe shi, kuma kirki ya yi mini.

Kuma ta kama. Yau ta ga damar kamawa. Na shigo na tarar da 'yar fitilar diskin tana ƙyaftawa, allon ta ƙuryar yana ta zubo layi. Gwajin ya yi. Innalillahi — gwajin ya yi kyau.

Na tuna ɗakin soro, daminar bara waccan. Ruwa ya kwana yana dukan katanga, da safe kwalin kaset-kaset ɗinka yana ƙarƙashin laka. Inna ta tsaya ta dafe ƙirji, ni kuwa na ce mata kada ta damu, ai duk na kwashe, tafsirinka na shekara da shekaru yana cikin ɗan abin nan. Ta juya shi a hannu, ta naɗe shi a ɗankwali, ta sa a akwati tare da kayan aurenta. Kwafi ɗaya yana can, ɗaya a memorin rediyonta. Memorin ya mutu ran Juma'a. Saura ɗaya. Ɗayan ne wannan, mai ɗumin.

Daga farko yake ci. Ni ma daga farko na zuba: Fatiha, Baƙara, haka haka. To tsawon wane lokaci? Liman bai ja ba yau… a'a, ya ja. Sannan na tsaya a ƙofar masallaci, Malam Basiru yana ba ni labarin tsutsar da ta shiga masararsa, ina ta cewa Allah ya kyauta, Allah ya kyauta. Ina can ina Allah ya kyauta, nan ana bin muryarka da sifiri. Da ban tsaya ba? Da na ce ina sauri? Yaushe ma Yaya ya soka — kafin a tayar da salla, ko muna tahiya? In tambaye shi? In na tambaya zai ga fuskata.

Sifiri ba gogewa ba ce, Baba. Abin da aka goge ana iya tono shi. Wannan rubutu ne a kan rubutu, ba wanda ke dawo da shi, ko a Kano ko a ina.

Wataƙila kan kawai ya ci. Wataƙila jerin sunayen ne suka tafi, sautin yana nan a baya, a warwatse, sai in bi in tsinto. Ana yi. Na taɓa yi wa wani. Wataƙila daga Nisa'i zuwa ƙasa lafiya lau…

Amma ba Nisa'i Inna take so ba.

Baƙara take so, kaset na biyu. Ba don tafsirin ba, na sani, kowa ya sani, ba mai faɗa. Inda akuya ta shigo zaure ana tsakiyar karatu, ka manta ana ɗauka, ka ɗaga murya ka kira Inna da sunanta. Sunanta na yanka, wanda ban taɓa ji a bakinka ba, kai da sai dai ka ce "ke" ko "mutanen gida". Ɗalibai suka tuntsire da dariya, kai ma ka yi, ka yi gyaran murya, ka ce to mu koma. Nan take mayarwa. Kullum bayan la'asar, ta ce wai ba ta ji ayar da kyau ba.

Kaset na biyu. Can farko-farko.

Tsoro nake ji, Baba. Ban taɓa jin irinsa ba, ko ranar da muka kai ka. Ran nan na san abin da ya faru. Yanzu ban sani ba, kuma sanin yana nan kusa — in kashe na cikin duka, in soka a ramin dama, in duba. Hannuna ya ƙi. Muddin ban duba ba kana ciki.

Bari in tuna yadda ka faɗa. Yadda muryar ta hau, ta karye a tsakiya… Kalmomin suna zuwa. Dariyar ɗalibai tana zuwa. Muryar fa? Haba. Ni ɗanka ne, na yi shekaru ina zaune a gabanka da allo. Ina muryar? Me ya sa nake jin tawa?

Takun silifas. Na Inna ne, tana jan ƙafar nan mai ciwo.

Ba ta shigo ba, ba ta shiga ɗakin aikina, ta ce kada ta taɓa wani abu ta ɓata. Tabarma take shimfiɗawa a bakin ƙofa. Ina hango gefen rediyon a cinyarta ta ƙasan labule, ta goge shi, har da sabon batir.

"Yayanka ya ce ya kawo maka. Kada ka yi gaggawa, ɗan nan, gama aikinka. Ina nan."

To, Inna. Na ce to? Ban san ko ya fito ba.

Igiyar a hannun dama, diskin a hagu. Ya fara hucewa. Tana can tana gyara zama, tana ɗan rera ayar a hankali, tana jira…