Ƙarƙashin Tabarmar Ƙafa

Ni na wanke motar. Da hannuna na wanke ta, kuma shi ne abin da har yau in na tuna nake jin kamar in sare hannun.

Sunana Rakiya. Mijina Usaini, Baban Bilkisu, shekara goma sha huɗu ya yi a wani kamfanin jimar fata a Challawa. Yana da wata tsohuwar Golf ja, wadda ya fi lallaɓa ta a kan kansa. Kowace Lahadi da safe sai ya fito da bokiti biyu da soso da tsohuwar singileti, ya ɗaga tabarmar ƙafa tukuna, sannan ya kama daga rufin ya gangaro, tayoyi ne ƙarshe. In na ce zan taya shi, sai ya yi dariya.

"Ke wankinki na ganin ido ne, Rakiya. Mai wankin mota na gaske, tabarmar ƙafa yake fara ɗagawa."

"To ka aure ta mana, ta dafa maka tuwo," in ji ni.

Ranar wata Talata da azahar motar ta shigo gida ba shi a ciki. Yayansa Ɗahiru ne ya tuƙo ta. Kamfani ɗaya suke, shi ne shugaban ɓangaren da Baban Bilkisu yake. Ya ce hatsari ne, a kujerar baya aka kai shi asibiti, kafin a isa rai ya yi halinsa. Kafin magariba an binne shi. Ban tambayi komai ba, a lokacin ko sunana aka tambaye ni ba zan iya faɗa ba.

Washegari da hantsi Yaya Ɗahiru ya leƙo ɗaki da leda a hannunsa, omo ne da bilic da sabon burushi.

"Rakiya, gobe sadakar uku, mutane za su cika gidan nan. Jini najasa ne, bai kyautu a bar shi a mota ba. Kuma sirrin mijinki ne, kada bare ya taɓa. Ki daure."

Na ce, "To, Yaya." Har godiya na yi masa.

Da na buɗe ƙofar baya, ba jini kaɗai na gani ba. Kujerar ta jiƙe da wani ruwa shuɗi-shuɗi, ga ɓurɓushin fata ya manne a jiki, ga warin nan na wurin aikinsu. Na san launin sarai, shekara nawa ina fama da shi a rigunansa. Amma kaina bai kawo komai ba. Na durƙusa na dinga dirza ina kuka, ruwan kumfa yana gangarawa lambatu. Jarka huɗu na ƙarar. Na wanke rufin, na wanke gilasai, na goge da singiletinsa, ina ganin hidimar ƙarshe nake yi masa.

Kwana tara da rasuwar, Malam Umar na ƙungiyar ma'aikata ya zo gaisuwa. Ina takaba, sai ya tsaya daga bayan labule.

"Maman Bilkisu, kin ga takardar da kamfani ya fitar?"

"Wace takarda?"

Ya karanta mini. Wai Usaini ya bar bakin aikinsa ba izini, ya fita titi, tifa ta buge shi. Mutumin da ko zazzaɓi yake yi sai ya tafi aiki, mutumin da ranar da na haifi Bilkisu sai da ya jira aka tashi, shi ne wai ya gudu daga aiki.

Malam Umar ya rage murya. "Abokan aikinsa sun ce bel ɗin babbar gangar wanke fata ne ya fizge shi, ya maka shi a ƙasa cikin ruwan jima. Sun daɗe suna ƙorafin ba murfi a wurin. Amma kowa tsoron kora yake, ba mai tsayawa ya faɗa. An ce a motarsa aka ɗauke shi. In ruwan jimar yana kujerar, to ba a titi ya faɗi ba. Zan iya gani?"

Na miƙa masa makulli. Ya je ya dawo.

"Wa ya wanke?"

"Ni," na ce.

Ya miƙo mini makullin ya tafi. Da ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Da la'asar na aika aka kira Yaya Ɗahiru, na roƙi Malam Umar ya dawo. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa kallon idon Yaya ba. Ranar na kalla.

"Yaya, tifa ce ta zuba masa ruwan jima?"

"Rakiya, ki ji tsoron Allah, kina takaba. Kwanansa ne ya ƙare."

"Na san kwanansa ya ƙare. Sunansa ma ya ƙare ne? Gobe a ce wa Bilkisu ubanta gudun aiki ya yi?"

"Ina da 'ya'ya bakwai. In na yi magana, ke za ki ciyar da su?"

"Ban ce ku yi magana ba. Abu ɗaya nake tambaya. Ga masu wankin mota nan birjik a bakin titin Panshekara, ga hannuwanku biyu. Me ya sa sai ni?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Na ɗauki burushin. Na kasa."

"Kun kasa, sai kuka ari hannuna."

Na tashi na fita tsakar gida don kada in faɗi abin da zai hana mu gaisawa har abada. Na jingina da motar, tana ta sheƙi kamar mai yi mini dariya. A nan maganar Baban Bilkisu ta faɗo mini, wankin ganin ido. Na buɗe ƙofar baya, na kama tabarmar ƙafa ta roba, na ɗaga.

Yana nan. Shuɗin ya bushe a kan kafet, jinin ya yi baƙi a tsakiyarsa, ɓurɓushin fata ya manne kamar dusa. Jarka huɗu, ban ɗaga ta ba.

Malam Umar ya durƙusa yana ɗaukar hoto da wayarsa. Ni kuwa na cika bokiti, na jefa burushin nan a ciki, na dire shi a gaban Yaya Ɗahiru.

"Ga saura nan. In za a wanke, ku wanke da hannunku, ina kallo."

Ya dubi ruwan. Sai ya juya wajen Malam Umar ya ce, "Ƙarfe nawa kuke buɗe ofis?"

Yaya Ɗahiru ya je ofishin ƙungiyar, ya faɗi abin da ya gani, wasu biyu suka bi bayansa. An sauke shi daga shugabancin, matarsa ta daina gaishe ni. Kamfani ya janye takardar farko, wata uku ke nan muna jiran ta biyu. Ban yafe masa ba tukuna, ba zan yi ƙarya ba.

Motar tana nan inda Yaya ya ajiye ta, makullin yana ɗaure a bakin zanena. Ta yi datti har wani ya rubuta "a wanke ni" da yatsa a gilashin baya. Sai na ga takardar da ta ce a bakin aikinsa Baban Bilkisu ya faɗi, sannan ruwa zai taɓa ta. Ranar kuma daga tabarmar ƙafa zan fara.