Tasar Lamisi

"Koren za ka danna, Yaya. Kore na ce, ba ja ba."

Yasin ya nisanta wayar da fuskarsa, ya gyara tabarau, ya danna. Taswira ta buɗe: kogi shuɗi, jakuna ƙanana, mutane kamar ƙwayar wake. A gefe ga fuskar Zaliha, ƙanwar matarsa, tana zaune cikin shagonta na magani a Yendi. A ƙasa ga Saaka, abokin wasansu, daga Bawku, ko dai rabinsa, domin goshi da silin kawai yake nunawa.

Wasan nasu ya daɗe. Zaliha ce mai ba da labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda cikin ayarin fataken goro na zamanin da, daga Salaga zuwa Kano. In mutuminka zai yi abu mai haɗari, sai a jefa ɗan ludo. Huɗu zuwa sama ya tsira. Da aiki ya warwatsa su, suka koma yi ta kiran waya, kuma Lamisi, matar Yasin, ita ke jefa wa kowa a nan Salaga, cikin wata tasa da take karawa kusa da waya don a ji ƙararta. Abin da ta faɗa, shi ke nan. Lamisi ta kwanta ciwo daidai lokacin da mutumin Saaka, wani mai jaki da ake kira Gurgu, ya shiga tsakiyar kogin Oti. Ba ta tashi ba. Gurgu yana cikin ruwa tun bara.

Yanzu Zaliha ta ƙudurta sai an ci gaba, kuma ta yi aikin kamar mai auna magani. Manhaja ta farko sai da kwamfuta, Saaka kuwa ba shi da ita. Ta biyu takan daskare duk lokacin da girgije ya gifta ta Bawku. Wannan ce ta uku, kuma Yasin, wanda ya yi ritaya daga koyarwa bai yi ritaya daga gano kuskure ba, ya rasa abin kushewa.

"Jakunan sun yi kama da awaki," ya ce.

"Kai ma ka yi kama da mai fara'a a hoton aurenku, Yaya. Hoto ba ya rantsuwa."

Saaka ya yi dariya, irin wadda ke fita ta gefe guda. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye ya bar kasuwar dabbobi, tafiyar da ta rage masa a duniya ita ce ta wannan ayari.

"Tica, ka ga abin da ya fi burge ni?" in ji shi. "Na'urar da kanta take jefawa, kowa na gani. Ba ta da miji, ba ta da ƙanwa. Allah ya jiƙan Lamisi, amma na daɗe ina zargin tana ɗaga maka ƙafa."

Yasin ne ke zaune kusa da tasar duk waɗannan shekaru. Ya san wa ake ɗaga wa ƙafa. Ranar da aka sallami Saaka daga asibiti, 'yan fashi suka tare ayari, aka jefa wa Gurgu, ɗan ludo ya nuna biyu, Lamisi ta ce biyar ba tare da ta ƙifta ido ba. Malamin ayari kuwa, mutumin Yasin, sau uku ta bari maciji ya sare shi.

"Mu gwada," in ji Saaka. "Jefa wa Gurgu."

Zaliha ta danna. Wani farin abu ya yi birgima a fuskar wayar, babu ƙara, ya tsaya. Ɗaya.

"Gwaji ne dai, ko?" Saaka ya tambaya. Goshin ya matso kusa.

"Gwaji ne," in ji Zaliha.

"To. Da ya nitse ke nan." Ya sake dariya, wannan karon ba ta kai ko'ina ba.

Yasin ya cire tabarau. "Ku yi wasanku. Ni na tsufa da kallon awaki."

"Tsaya, Yaya." Zaliha ta juya ta miƙa wa wata mata maganin tari, ta dawo. Sai taswirar ta ɓace, fuskoki suka ɓace, murya kawai ta rage. "Wannan ma ba ta yi ba. Tana zafafa mini waya. Kiran murya za mu koma, kamar da."

"Wa zai jefa?" in ji Saaka.

"Tasar tana nan?" in ji Zaliha.

Tana nan. Tana saman kwaba inda matan da suka zo wanke kayan mamaciya suka ɗora ta, ɗan ludon a ciki. Ɗaya daga cikinsu ta tambaye shi a lokacin ko caca marigayiyar take yi, ya ce i, da Allah, kuma ta faɗi. Bai ƙara taɓa tasar ba.

"Na ce na fita, Zaliha."

"Na ji. Amma mutum na cikin ruwa, Yaya, kuma kai kaɗai ke da tasa."

A waje wata babbar mota tana sauke doya, ana ta musu kan wanda ya fasa ɗaya. Daga baya Yasin ya tashi, ya hau kujera, ya sauko da ita. Ya goge ƙurar da bakin rigarsa.

Zaliha ta sauya murya, ta koma muryar labari. "Ruwa ya kai wa Gurgu ƙirji. Jakinsa ya ƙi gaba. Igiya na zamewa daga hannunsa."

Yasin ya kara tasar kusa da waya, ya jefa. Ƙarar ta cika ɗakin, irin ƙarar da gidan ya manta. Ɗan ludo ya zaga ya kwanta.

Biyu.

Lamisi ba ta taɓa cewa shida ba. Shida tana jawo tambaya.

"Biyar," ya ce.

"Ka tabbata, Tica? Idonka ba na da ba ne. Kunna kyamara."

"Murya muka ce, Baba Saaka," in ji Zaliha. "Gurgu ya kama saiwar bishiya, ya haye, jakin na biye da shi." Ta dawo muryarta ta yau da kullum. "Tasar nan dai ba ta canza ba. Ko a hannun Yaya Lamisi, a bakin ruwa biyar take bayarwa."

Yasin ya tsame ɗan ludon, ya riƙe shi a tafin hannu.

"Saura wa?" ya ce.