Ƙanƙara a Zoɓon Suna

An tuntsurar da babbar robar zoɓo a kwata ranar sunan jikar Hajja A'i, a Ƙofar Dumi, kuma aikin da Dakta Yagana ta shafe shekaru tana yi ya lalace tun kafin la'asar.

Yagana mai bincike ce a kan cutar kansa a wani ɗakin gwaji a Bauchi. Takan ɗauki ƙwayar cuta ta bairos, ta cire mata abin da take hayayyafa da shi, ta mayar da ita 'yar aike mai kai ƙwayar gado cikin ƙwayoyin kansa da ake reno a faranti. Sanyi kaɗai ke riƙe ta. Ranar Asabar ɗin janaretan ɗakin ya mutu, sai ta zuba 'yan kwalaben roba shida a kular abinci, ta danne su da ƙanƙara, ta nufi Gwallameji, inda abokin aikinta Dakta Lazarus yake da firiza mai sola.

Hanya ta biyo da ita ta unguwar gwaggonta Hajja A'i, kuma ba a wuce gidan suna. Ta ajiye kular a bayan ƙofar ɗaki, ta shiga yi wa mai jego barka.

Da ta fito ta ɗaga kular, sai ta ji ta da ɗumi. Ta buɗe. Masa ce cike, tana tururi.

"Gwaggo, ina abin da ke ciki?"

"Ƙanƙarar? Allah ya yi miki albarka, 'yar nan," in ji Hajja A'i. "Tun jiya ba wuta. Duk dangi ke kaɗai kika yi hankali. Na juye ta a zoɓo."

"Duka?"

"To, da rabi zan bari? A gidan nan kula ba ta komawa wayam."

Yagana ta tsaya tana kallon matan da ke tsakar gida. Kowacce da kofi a hannu.

"Ku ajiye! Kowa ya ajiye!"

"Likita ta fara," in ji Kubura, ƙanwar mai jego, tana dariya. "Yau kuma sukarin ne ya yi yawa?"

Yagana ta naɗe hannun riga, ta sa leda, ta zura hannu har gwiwar hannu cikin robar. Dariyar ta ɗauke lokacin da kwalba ta farko ta fito. Ta jera su a kan tire, tana murza murfin kowacce. A rufe suke ruf.

"Mene ne wannan?" Hajja ta tambaya a hankali.

"Ƙwayar cuta ce, Gwaggo. An karya ta, ba ta yaɗuwa."

"Amma ana sha?"

Yagana ta sake zura hannu cikin robar. Ba a taɓa gwada ta a cikin cikin mutum ba. Wata mata ta tofar da abin da ke bakinta, wata ta fizge kofi daga hannun 'yarta.

Aka tace zoɓon da rariya, aka zuba masa bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, aka zubar. Kwalba biyar ce a kan tiren, babu ta shida.

Sai a lokacin Hajja ta dafe ƙirji. Tun ƙanƙarar ba ta narke ba ta ɗibi bokiti guda na zoɓon, ta ba mai keke ya kai wa dangin uban jaririya a Inkil.

Kubura ta kira lambar mai keken. Wayar a kashe take.