Takardar Baffa Bakari

"Rubuta, Mushe," in ji Baffa Bakari. "Ka ce muna gaishe su, mu duka bakwai."

Mushe Nomau ya gyara kaye, littafin rubutunsa, a kan gwiwarsa ya rubuta. Shekara talatin ya yi yana koyarwa a lakol ɗin Gazawa, shi ya sa ake ce masa Mushe, laƙabin malaman boko. Tsohon yana kwance a katifa, an tokare bayansa da filo biyu, numfashi na fita da ƙyar. Rukaiya, matar da ke kula da gidan, tana tsaye a bakin ƙofa da kofin kunu. Ko sau ɗaya ba ta dubi Nomau ba.

Gidan gajiyayyu ne, katanga ɗaya ta raba shi da gidan Nomau. Wata ƙungiya mai buro, wato ofis, a Maraɗi ta buɗe shi don tsofaffin da ba su da kowa. Baffa Bakari makiyayi ne daga wajen Gangara. Shanunsa sun ƙare a wata shekarar fari, ɗansa ya tsallaka iyaka da ragowar tumaki, daga nan labari ya yanke.

Baffa ne ya kawo zaman Alhamis gidan. Da an idar da la'asar sai a baza tabarmi a gindin dogon yaro, matan unguwa su shigo da fura da ƙosai, maza su tona gurbin dara a ƙasa. Inna Batulu makauniya ta kifa ƙwarya cikin ruwa ta hau kiɗa. Baffa ya busa sarewa, in ya gaji ya shiga kiran shanunsa da sunayensu, ɗaya bayan ɗaya, sauran tsofaffin suna amsa masa da kukan saniya har hawaye ya zubo musu don dariya.

Wata uku da suka wuce, surukan ɗan Nomau suka zo daga Maraɗi, ranar kuwa Alhamis ce. Ana cikin gaisawa a zaure sai kukan shanun ya taso daga bayan katanga. Babbansu ya saurara, ya yi murmushi ya ce, "Mushe, ashe da gidan mahaukata kake maƙwabtaka."

Washegari Nomau ya zauna ya zuba Faransanci mai kyau a takarda zuwa buro. Ya ce kiɗan yana hana mutane salla, ya ce unguwa duka ta gaji, alhali bai tambayi kowa ba. Cikin mako biyu umarni ya zo aka soke zaman. Matan unguwa suka ɗauke ƙafa, kowane tsoho ya koma ɗakinsa. Nomau ya samu shirun da yake nema, ya kuma koma bi ta bayan masallaci don kada ya wuce ƙofar gidan. Yau da hantsi Rukaiya ta yi sallama ta ce Baffa na kiransa.

"Ka ce musu," tsohon ya ci gaba, "wani bawan Allah ya kai kuka, muna damunsa. Gaskiyarsa ce, mun cika surutu. Ka ce za mu rage. Ni ma na bar busa, ƙirjin ya ƙi."

Nomau ya rubuta.

"Ka ce Batulu ta daina cin abinci sai an yi faɗa da ita. Sabo kuwa tun safe yake fuskantar bango, in ka yi mishi magana sai ya ce wace rana ce yau. Da can ya san Alhamis. Daga ita yake ƙirga sauran." Ya tsaya ya huta. "Ka sa da irin turancinku na manya, Mushe, yadda za su ji."

"To, Baffa."

"A ƙasa ka ce mun yafe wa mai kukan, shi ma ya yafe mana."

Nan alƙalamin ya tsaya. Nomau ya buɗe baki ya ce, "Baffa, akwai wata magana da..." Sai tari ya sarƙe tsohon, Rukaiya ta shigo da sauri ta tallafe shi. Da tarin ya lafa, Baffa ya ɗago ido ya ce, "Wace magana?"

"Ba komai. Cewa zan yi ka dangwala yatsa."

Ya shafa masa tawada a babban yatsa ya danna a ƙasan takardar. Da kansa ya kai ta tasha ya danƙa wa direban motar Maraɗi. A hanyar komawa yana ta shirya kalmomin da zai faɗa gobe. Goben ta zo, ya kai har ƙofar gidan, ya ji muryar Rukaiya a ciki, ya juya. Jibi ma haka.

Ranar Litinin da safe yana shan shayi ya ji salati daga bayan katanga. Baffa ya cika.

Da yake mamacin ba shi da dangi, liman ya ce maƙwabci mafi kusa ya zuba ruwan wanka. Nomau ya riƙe buta. Da aka zo hannun dama, sai ya ga sauran tawada a gefen farcen babban yatsa, ruwa bai fitar da ita ba. Butar ta karkace, ruwa ya jiƙa wa liman ƙafa.

"Sannu, Mushe," in ji liman. "Na san kun shaƙu."

Bayan an dawo daga maƙabarta ya tarar da Rukaiya tana shanya zanen gadon Baffa a igiya. Ya matso ya ce, "Rukaiya, takardar farko, ni na rubuta ta."

"Na sani." Ba ta juyo ba. "Sun nuna mini ita a buro. Shekara shida na yi a ajinka, Mushe, na san hannunka."

"Ba ki faɗa mishi ba?"

"Ranar da na dawo na faɗa mishi." Ta matse bakin zanen, ruwa ya ɗiga a ƙasa. "Da ya ce a rubuta wata, na ce ni ma ina iyawa. Ya ce a'a, in kira ka. Ya ce in ba a samo maka dalilin shigowa ba, kunya ba za ta bar ka ka sake tako gidan nan ba."

Ta ɗauki bokitinta ta shige.

Amsar buro ta iso ranar addu'ar bakwai, sun yarda a dawo da zaman. Alhamis ɗin da ta biyo baya aka baza tabarmi, mata huɗu suka zo da fura. Nomau ya shigo ta ƙofar gaba ya zauna can gefe. Ba wanda ya fara komai. Can sai tsoho Sabo, wanda aka fito da shi aka jingina da bango, ya lalubo reza daga aljihunsa ya miƙa wa na kusa da shi.

"Kai, wane ne nan? Farcen ƙafata ya dame ni, hannuna ba ya kaiwa."

Nomau ya karɓa. Ya naɗe hannun rigarsa, ya durƙusa a ƙasa, ya ɗora busasshiyar ƙafar a kan cinyarsa. Ya fara daga ƙaramin yatsa, a hankali, kansa a sunkuye.